Jaririn da Yaya Hadiza ta goya a Kopenhag

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hadiza. Duk lokacin da watan ya kewayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki alƙalami, in juya shi, in ajiye. Ni matsoraciya ce, kuma ba tsufa ya kawo mini ba, haka Allah ya yi ni. Ƙadangare ya motsa a cikin kara sai na yi salati. Amma bana na duba na ga duk waɗanda suka san abin da ya faru sun riga ni tafiya, saura ni kaɗai. In na ci gaba da juya alƙalami, da maganar a cikina za a rufe ni.

Waɗanda aka haifa a Yamai daga farkon mulkin kai zuwa shekaru talatin bayansa, da yawansu a hannunta suka fara faɗowa, ko sun sani ko ba su sani ba. Ungozoma ce ta gidan likita, wadda muke ce wa sajfam. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara bakwai. Iyayenmu daga Maraɗi suka zo, Baba yana fataucin goro har ya rasu ya bar mu da Inna a unguwar Zongo. Yamai ta wancan lokaci ba wannan ba ce da mutum ke ɓata a cikinta. Ko gada babu a kan kogin Isa, kuma in ka yi tuntuɓe a bakin kasuwa da hantsi, kafin azahar an zo maka sannu daga ƙarshen gari. Ƙaramin gari daɗi gare shi ranar suna da ranar biki. Akwai ranar da ba shi da daɗi, kuma mu mun gan ta.

Ba a fi shekara biyu ko uku da samun mulkin kai ba aka zaɓi Yaya ta je ƙaro ilimi na wata shida a Kopenhag, babban birnin ƙasar Danmak. Duk gidanmu ba wanda ya taɓa jin sunan. Mijinta, Mushe Amadu kamar yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya ɗauko taswira ya shimfiɗa a tabarma, ya yi ta jan yatsa sama har ya kusa fita daga takardar. Inna ta leƙa ta ce, "To in ta wuce nan, ina za ta hwaɗa?" Muka yi dariya, amma ba taswira ke damun Inna ba. Yaya tana da goyo, Zainabu, wata goma sha huɗu, ba ta isa yaye ba. Haka aka shafa wa nono maɗaci, aka raba su da kuka, aka ɗora mini yarinyar a baya ina da shekara goma sha bakwai. Ranar tafiya Yaya ba ta waiwayi ɗiyarta ba, don ƴar fari ce, akwai kunya a gaban mutane. Ni dai da ke kusa da ita na ga gaban rigarta ya jiƙe.

Wasiƙunta suka fara zuwa duk bayan sati biyu, ni ke karanta wa Inna da maƙwabta bayan la'asar. Mun sha mamaki. Ta ce rana a can malalaciya ce, ba ta fitowa sai hantsi, kuma kafin ka shafa addu'ar la'asar ta faɗi. Ta ce kowa a kan keke yake, har likitoci masu furfura. Mutanen kuma ga son kyandir, a taga kyandir, a teburin cin abinci kyandir, alhali ga lantarki nan bai tare musu komai ba. Sojojin da ke gadin gidan sarkinsu hulunansu na gashi sun kai tulu tsawo, ko ka gaishe su ba su amsawa. Inna ta ce wannan kam rashin tarbiyya ne, ba aikin soja ba.

Wata wasiƙar ta tsorata mu. Ta ce wata safiya tana bakin aiki aka kashe fitilu, sai ga jerin ƴan mata cikin fararen riguna har ƙasa, kowacce da kyandir a hannu, ta gaba kuma kyandirori na ci a kanta, suna tafe a hankali suna waƙa a tsakanin gadajen marasa lafiya. Yaya ta ce ta shige bayan ƙofa tana karanto duk abin da ta haddace, don ta ɗauka matattun gidan ne suka tashi da likkafaninsu. Ashe biki ne da suke yi kowace shekara in duhu ya kai maƙura, don su tuna wa juna cewa haske zai dawo. Ni na yi dariya har da hawaye. Inna ba ta yi ba, ta ce garin da ake biki da likkafani ba garin zama ba ne.

Sai kuma ta aiko da kati mai hoto. Gunkin wata mace ne zaune a kan dutse a bakin teku, sama mutum, ƙasa kifi. Ta rubuta a baya cewa duk baƙon da ya zo garin sai an kai shi ya gani. Maƙwabciyarmu Gambi, Bazabarma ce ƴar masunta, ta karɓi katin ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan mai ruwa ne. Mu ma akwai shi cikin Isa. Ba ya zama banza, sai an ba shi abu." Na ce mata dutse ne kawai aka sassaƙa, na liƙa katin a bango inda duk mai shigowa zai gani, ina taƙama yayata na Turai. Da na san abin da zai jawo, da murhu na kai shi.

Wasiƙar ƙarshe ta zo a farkon azumi, tana yi mana tsiya cewa azumin can na yara ne, kafin yunwa ta gane kana yi an sha ruwa. Daga nan shiru. Wajen tsakiyar watan aka aiko kiran Mushe Amadu daga biro, wurin manyan da suka tura ta. Ya dawo da rana tsaka ya tsaya a zaure ya kasa sallama. Inna ta ce, "Lahiya?" Ya ce waya aka bugo daga can, layi uku: ƴan sanda sun riƙe Hadiza a kan maganar wani jariri da ya ɓace. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan, aka ce ya koma gida ya kama bakinsa, sunan ƙasa ne a ciki. Shi ya kama nasa. Amma takardar ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta kai gare shi, magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a sha ruwa ana faɗi a kasuwa cewa sajfam ɗin Zongo ta saci ɗan nasara.

Tsoro iri biyu muka sha. Na farko na hukuma ne. A shekarun nan an fara ɗaukar mutane a je da su tambaya, musamman waɗanda suka taka ƙasashen waje, don haka in mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ce mu aka zo ɗauka. Mushe Amadu kullum yana biro, kullum ana ce masa ya dawo gobe. Ba mu san ko tana kurkuku ba, ba mu san mene ne hukuncin ɓarawon ɗa a ƙasar da ko rana ba ta son zama ba. Wani ya ce rataya suke yi, wani ya ce cikin ƙanƙara suke jefa mutum, kuma ba mu da wanda zai ƙaryata. Rashin sani ya fi dare duhu. Inna ba ta faɗin sunan Yaya saboda ƴar fari ce, sai dai in ji ta bayan salla tana cewa, "Allah ka maido mini yarinyar nan, ko da gawa tata ce."

Na biyu na unguwa ne, kuma ya fi ciwo. Matan da Yaya ta karɓi haihuwarsu suka fara tune-tune. Wadda jaririnta ya zo ba rai ta ce ai ita ba a nuna mata gawar ba. Ba na cewa Gambi ta yi da mugunta, abin da ta gani a bangonmu ta faɗa a bakin pampo, amma kafin sati ya kewayo labari ya yi kai ya yi ƙafa: wai Hadiza jarirai take kai wa mai ruwan nasara, shi ya sa duk cikin ungozomomi ita aka zaɓa. In na je ɗiban ruwa sai mata su jawo ƴaƴansu jikinsu. Ranar salla muka aika da tuwo gida bakwai kamar yadda muka saba. Kwano biyar suka dawo ba a ko buɗe murfin ba.

Yanzu na zo kan abin da ya hana ni rubutu duk shekarun nan. Ban yarda da zancen mai ruwa ba, na yi lakwal. Amma wata tsohuwa ta faɗa a gabana cewa macen da aka raba da goyonta da nono a ƙirji, nonon yakan hau mata kai. Wannan maganar ta shige ni ta zauna. Na tuna rigar da ta jiƙe, na ce a raina ashe Yaya ta taɓu. In na dubi Zainabu sai in ga mahaukaciya ta dawo ta fizge ta ta nufi kogi. Kuma tun da na ce zan faɗi gaskiya, akwai wani abu a ƙarƙashin tsoron. Yarinyar ta fara magana, ni take kira Inna. A bayana take barci, daga hannuna take cin tuwo. Ba na son in mayar da ita, tsoro kuma ya zo ya ba ni hujja.

Bayan wata biyu da ƴan kwanaki aka aiko cewa mu je filin jirgi. Safiya ce ta bazara, zafi ya riga ya tashi. Muka tafi ni da Inna da Mushe Amadu, ƴan unguwar da suka ƙi cin tuwonmu kuma suka biyo baya don kallo. Mun zaci da ankwa za a sauko da ita. Sai ga ta da ƙafarta, ta rame, ta rataya babbar rigar sanyi a hannu. Ta durƙusa ta gaida Inna. Sannan ta juyo, wannan karon ta manta da kunyar ƴar fari, ta miƙo hannu biyu wajen Zainabu da ke kafaɗata.

Na ja da baya. Taku ɗaya ne, amma kowa ya gani. Na ƙanƙame yarinyar har ta yi ƙara. Yaya ta dube ni, ni ɗin, ba ɗiyarta ba, hannuwanta na nan a miƙe. Sannan ta sauke su a hankali, ta ɗaga murya yadda ƴan kallo za su ji, ta ce, "Ƙyale ta, Rabi, ba ta san ni ba tukuna." Ta ɗora wa jaririya laifin don ta rufa mini asiri.

A tsakar gida, bayan an ci abinci, ta ba mu labarin. Ranar hutunta ce, ta fito da rana ta sayi abin buɗa baki. Ƙanƙara ta rufe titi. A ƙofar wani shagon shayi da burodi ta ga keken jariri a waje, jingine da bango, ba kowa kusa. Jariri na kuka a ciki, kumatunsa sun yi jawur, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Ta tsaya ta duba dama da hagu, mutane na wucewa ba mai ko kallo. Ta yi wa biyu magana da Faransanci, suka girgiza kai suka wuce. Gilashin shagon ya yi raɓa ba a ganin ciki, kuma ko a mafarki bai zo mata ba cewa uwa za ta zauna cikin ɗumi tana shan shayi ɗanta na waje. Ta ce a ranta yar da shi aka yi. Mu kuwa a kan ɗa na kowa ne aka raine mu. Ta ciro shi, ta kwance zanen da take naɗawa a wuya saboda sanyi, ta goya shi, ta rufa rigar sanyi a kai, ta kama hanyar gidan likitan da take aiki da sauri. Ta ce kafin ta yi nisa ya yi shiru a bayanta, har da barci.

Ashe al'adar garin ce. Jarirai a waje suke barcin rana, ko ana zuba ƙanƙara, an naɗe su cikin bargo da fatar tunkiya. Sun yarda iska mai sanyi ƙarin lafiya ce, kuma ba wanda ke taɓa ɗan wani, don haka uwa takan bar keke a ƙofar shago ta shiga hankalinta kwance. Uwar wannan ta fito ta tarar da keke wayam. Kwana biyu Yaya ta yi a hannun ƴan sanda kafin shugabar ungozomomin, wata dattijuwa, ta tsaya mata ta fahimtar da su cewa ɓarawo ba ya kai abin da ya sata gidan likita. Aka sake ta, ta ƙarasa karatunta, ta rubuto mana wasiƙa huɗu tana bayani. Ba ko ɗaya da ta iso. Sai bayan shekara Mushe Amadu ya same su a biro, an buɗe, an ajiye, an manta.

Inna ta ce, "To, uwar ɗan hwa?"

Yaya ta ce, "An kawo ta an miƙa mata ɗanta a gabana. Ba ta zage ni ba, Inna. Kallona kawai ta yi, jikinta na rawa. Ni na sa mata wannan tsoro, ni da na ce taimako nike yi."

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, Inna ta faɗa, muka ce haka ne. Amma gaskiya ta iso ta tarar ƙarya ta riga ta kama ɗaki. Watanni mata na zuwa haihuwa suna cewa a ba su wata sajfam. Daga baya aka mayar da ita wani ƙaramin gidan likita wajen Tondibiya, ta yi shekara biyu a can kafin ƙura ta lafa. Ba wata rana guda da aka taru aka wanke ta. Haihuwa ɗaya bayan ɗaya ta dawo da sunanta, har Gambi da kanta ta zo da kwanon kopto, kwaɗon ganye irin nasu na Zabarmawa, Yaya ta ci ta ce ya yi gishiri. In an tayar da zancen takan mayar da shi raha, ta ce, "Gari guda ana aje ɗa a titi ba mai ɗauka, sai da ƴar Zongo ta je."

Kwanan baya Zainabu, wadda yanzu ita ma kaka ce a unguwar Koira Kano, ta nuna mini hoto a wayarta: kekunan jarirai jere a ƙofar shago a Kopenhag, ƙanƙara a ƙasa, har yau ba su bari ba. Abin da ya sa muka yi wata biyu muna mutuwar tsaye, yau da yatsa ɗaya ake sanin sa. Amma ban ga tsoro ya ragu ba. A Bobiel inda nake zaune katanga ta fi mutum tsawo, ban san sunan maƙwabcina na hagu ba. Labarin satar yara a wayoyi yake yawo, ya fi na bakin pampo gudu, kuma yanzu ba kwano ake maidowa ba, dutse ake ɗauka. A watan jiya na ga wata ƴar shekara biyu tsaye a bakin titi tana kuka, babura na wucewa. Mu biyar muka tsaya, duk manya, ba wanda ya taɓa ta. Na shiga tsakaninta da titi, hannuwana a baya don kowa ya shaida, har uwarta ta fito a guje. Amanar da ke sa mutanen can su bar ɗa a waje ba mu same ta ba, tamu ta ɗaukar ɗan kowa kuma mun bari tsoro ya cinye. Na tambayi kaina me Yaya za ta yi da tana wurin. Na san za ta durƙusa gaban yarinyar ta tare ta da jikinta, ta yi ta kiran masu ɗa har muryarta ta dushe, amma ita ma ba za ta ɗauka ba. Kuma na san dalili.

Bayan dawowarta kwana uku Zainabu na hannuna, Yaya na kallo daga bakin ɗaki. A rana ta uku ta zo inda nake daka, ta tsaya har na ajiye taɓarya, ta ce a hankali, "Rabi, in ɗauke ta?" Ɗiyar da ta haifa take tambaya. Na kwance goyon na miƙa mata, na kasa ɗaga ido. Daga ranar har ta bar aiki, ko jaririn da ta tarba da hannunta, ta yanke masa cibiya, ta wanke, in ta miƙa wa uwa ba ta sake taɓa shi sai ta ce, "In ɗauka?" Jikokinta ma haka. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, tana kwance a ciwon da ya ɗauke ta, na ce, "Yaya, ranar nan da kika dawo..." Ta ce in miƙo mata ruwa. Na miƙa, kuma har ta rasu ban roƙe ta gafara ba.

Ba a sa wa titi sunanta ba, ba hotonta a bangon wani gidan likita. Abin da ya rage nata shi ne dattawan garin nan da ke yawo da cibiyar da ta yanke, sai kuma wannan ƴar tambaya, don ungozomomin da ta koyar sun gaje ta, su ma sun koya wa na bayansu. A zaman makokinta mata sun yi ta yabon halin, suna cewa ladabin Turai ne ta koyo. Ina zaune a cikinsu ban ce uffan ba.

Allah ya jiƙan Yaya Hadiza, ya tarbe ta da irin tausayin da ta tarbi ƴaƴan mutane. Ku kuma da kuka yabi ladabinta, ga gyara. Ƴan sandan Kopenhag kwana biyu suka riƙe ta, suka ba ta haƙuri suka sake ta. Ba a can ta koyi tambaya ba. A filin jirgin Yamai ta koya, a hannun ƙanwarta.